Murhun da Ke Kamawa Ya Mutu: Nazarin Kwana Goma Sha Tara a Wani Gida a Minisota

Gidan da murhunsa

Gidan da wannan nazari ya shafa yana birnin Sent Pol na jihar Minisota, a arewacin Amurka, inda sanyin hunturu kan daskarar da ruwa a cikin bututu har ya fasa shi idan gida ya yi kwana ɗaya ko biyu babu ɗumi. Mai gidan ɗan asalin Katsina ne, ma'aikacin kwamfuta, yana zaune da matarsa da 'ya'ya uku, ƙaraminsu bai cika shekara biyu ba a lokacin da abin ya faru, a Janairun 2019. Sun sayi gidan a tsakiyar 2017, suka tarar da murhun ɗumama gida mai amfani da gas a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma takardar da ke manne a jikinsa ta nuna an kafa shi a 2009. Mai gidan mutum ne mai hannu, domin tun yana saurayi shi ke kwance kafireton janareton gidansu ya wanke ya mayar, saboda haka bai saba kiran mai gyara a kan abin da yake ganin sukurdireba za ta iya ba. Tun da suka tare har zuwa lokacin babu wani ƙwararre da ya duba murhun.

Murhun irin na zamani ne wanda ke tatsar fiye da kashi 90 cikin ɗari na zafin gas ɗin da ya ƙona. Saboda yana tatsar zafin har hayaƙin ya huce, tururin da ke cikin hayaƙin kan koma ruwa, ruwan ya gangara cikin wani ɗan mazubi mai lanƙwasa, daga nan ya bi tiyo zuwa magudana. Bututun roba biyu farare ne suka ratsa bangon gidan zuwa waje: ɗaya yana shigo da iskar da wutar za ta ci, ɗaya yana fitar da hayaƙi. Irin wannan murhu ba shi da ƙaramar wutar nan da ke ci dare da rana kamar na da. Duk lokacin da ake son ɗumi sai ya kunna kansa daga farko, kuma yana bin matakai a jere, ba ya tsallake ko ɗaya.

Matakan su ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ma'aunin ɗumi da ke bangon falo yana aika wutar bolt 24 zuwa allon lantarkin murhun. Allon ya tayar da ƙaramar fanka mai jan hayaƙi. Idan fankar ta ja iska yadda ya kamata, wani makunni mai jin ƙarfin jan iska zai rufe, wanda shi ne shaidar cewa bututun a buɗe suke. Daga nan ƙyastun lantarki, wata 'yar sanda da ke ɗaukar bolt 120, ya yi ja jawur har zafinsa ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyas, sannan bawul ya saki gas, wuta ta kama. A ƙarshen jerin kawunan wutar akwai wata siririyar sandar ƙarfe mai gane harshen wuta. Harshen wuta yana iya ɗaukar lantarki kaɗan, to allon yana auna ɗan abin da ya ratsa daga sandar zuwa jikin ƙarfen murhun, wanda bai wuce 'yan maikro'amfa ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na amfa. Idan bai ji komai ba cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ya rufe gas, don kada gas ya ci gaba da kwarara babu wuta. Bayan gwaji uku da suka faskara yakan kulle kansa na kimanin sa'a guda. Babbar fankar da ke hura ɗumi cikin ɗakuna ita ce ta ƙarshen tashi.

Asabar 12 da Lahadi 13 ga Janairu 2019: alamar farko

Da asubar Asabar matar gidan ta lura ma'aunin bango yana nuna digiri 16 alhali an saita shi a 21. Mai gidan ya sauka ƙasa, ya kashe makunnin murhun ya sake kunnawa, ya tsuguna yana leƙe ta ɗan gilashin da ke jikin murfin. Ƙaramar fanka ta tashi, ƙyastun ya yi ja, wuta shuɗiya ta kama a duk kawunan, sannan bayan daƙiƙa biyar aka ji ƙas, ta mutu. Haka ta yi sau uku ta tsaya.

Ya fara da abubuwan da littafin murhun ya bar wa mai gida. Ya sauya batir ɗin ma'aunin bango. Ya zaro matacin iska ya tarar ya yi baƙi ƙirin da ƙura, domin tun watan Satumba ba a taɓa shi ba, ya sa sabo. Ya tabbatar hannun bawul ɗin gas yana kwance daidai da bututu, kuma murhun girki na sama yana kamawa, alamar cewa gas na shigowa gidan. Babu abin da ya sauya. Da dare ya kalli bidiyo da dama a YouTube, kuma kusan dukkansu suka nuna masa abu ɗaya: wutar da ta kama ta mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan, sandar gane wuta ce ta yi dauɗa.

Ranar Lahadi da safe ya kashe lantarkin murhun, ya rufe gas, ya cire murfin sama, ya kwance kusa ɗaya ya zaro sandar. Wani farin dafi-dafi ya lulluɓe ta kamar tokar da ta kwana a jikin ƙarfe. Ya goge ta da lallausan soson ƙarfe har ta yi ƙyalli, ya share da busasshen ƙyalle, ya mayar. Wuta ta kama ta zauna, babbar fanka ta tashi, kafin azahar falo ya koma digiri 21. Aikin bai ɗauke shi minti ashirin ba, kuma ban da kuɗin mataci bai kashe ko sisi ba. Murhun ya yi kwana bakwai yana aiki lafiya ƙalau.

20 zuwa 24 ga Janairu: matsalar ta dawo

Sanyi ya ƙaru sosai a ƙarshen makon, kuma da asubar Lahadi 20 ga wata gidan ya sake yin sanyi. Mai gidan ya ɗauka tsohon ciwon ne ya dawo. Wannan karon da sanfefa ya goge sandar, yana ganin soson bai ci ta sosai ba. Ya kunna murhun murfin sama yana a buɗe, ya zauna a kan bokiti yana kallo har minti goma sha biyar, wutar ba ta ko girgiza ba. Ya mayar da murfin ya haura sama. Cikin dare murhun ya sake kullewa.

Akwai wani bambanci da ya gani da idonsa a ranar Litinin amma bai ba shi muhimmanci ba. Da ya leƙa ta gilashi, murfi a rufe, wutar ba ta mutu a daƙiƙa biyar kamar da ba. Takan kama ta ci har minti uku ko huɗu, sannan harsunanta su fara ɗagawa daga kawunan suna kaɗawa kamar fitilar aci-bal-bal a bakin ƙofa, daga bisani ta ɗauke. Da rana, idan sanyin ya ɗan sassauta, takan yi sa'o'i ba ta yi gardama ba. Da dare ne da asuba abin ya fi tsananta.

Tunaninsa ya tafi kan ƙyastun, saboda ya karanta cewa yakan gaji bayan wasu shekaru, kuma nasa ya shekara goma. Ya yi odar sabo ta intanet a kan dala 45, ya iso ranar Alhamis 24 ga wata. Tsohon irin na silikon kabaid ne, mai gautsi kamar busasshen biskit, kuma wajen zaro shi ya taɓa ƙarfe ya tsage gida biyu, don haka babu sauran hanyar gwada shi a san ko lafiyarsa ƙalau. Yana da mitar auna lantarki a gida, kuma da ya auna shi tun yana jikin murhun da ya sami amsa, domin lafiyayyen ƙyastu irin wannan yakan nuna tsakanin om 40 zuwa 90 (ma'aunin turjiyarsa ga lantarki) idan ya huce. Sabon ya shiga, ya yi ja, wuta ta kama. Ya sake gwadawa murfi a buɗe, komai ya tafi daidai, ya rufe ya tafi barci. Wajen ƙarfe uku na dare gidan ya fara hucewa.

26 zuwa 28 ga Janairu: sabuwar alama

Ranar Asabar abin ya sauya kama. Ƙaramar fanka takan tashi ta yi ta juyi, amma ƙyastun ba ya yin ja ko kaɗan. Da farko ya zargi sabon ƙyastun, har ya fara shirin mayar da shi. Sai a ranar ne ya lura da wata 'yar fitila a jikin allon lantarki da ke ƙiftawa, kuma a bayan murfin ƙasa akwai jadawalin ma'anar ƙiftawar, wanda kowane kamfani yake da nasa. A wannan murhun, ƙiftawa uku na nufin makunnin jan iska bai rufe ba. Ya zare 'yar tiyon da ke jikin makunnin ya hura, ya ga ɗigon ruwa ya fito, ya mayar. Murhun ya tashi, murfi a buɗe. Ya yanke shawarar cewa makunnin ne ya fara lalacewa, ya sayo sabo a kan dala 35 ya ɗaura ranar Litinin 28 ga wata, ranar da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba.

A waɗannan kwanaki matarsa ta faɗa masa sau biyu cewa tana jin wani sauti daga ƙasa kamar ana kurkure baki idan murhun ya tashi. Ya ce mata ruwan magudana ne. A tsawon kwanakin nan goma sha bakwai bai taɓa zagayawa bayan gida ya dubi bakin bututun biyu ba, kuma dalilinsa mai sauƙi ne: a ganinsa matsalar kunna wuta ce, kuma wuta a ƙasa ake kunna ta.

Daren Talata 29 ga Janairu

Wannan shi ne makon da iska mai tsananin sanyi daga yankin ƙarshen arewacin duniya ta sauko kan tsakiyar Amurka. An rufe makarantu, hukumar gidan waya ta dakatar da rarraba wasiƙu a jihar ranar Laraba, kuma da safiyar 30 ga wata ma'auni ya kai kimanin digiri 33 ƙasa da sifili a yankin Miniyapolis da Sent Pol. Da misalin ƙarfe tara na daren Talata murhun ya tsaya, ƙiftawa uku, kuma wannan karon buɗe murfi bai yi komai ba.

Ya kira wani abokinsa da ke wata jiha, wanda ya ce masa ya zare wayoyi biyun makunnin ya haɗa su da guntuwar waya, don allon ya ɗauka makunnin ya rufe. Ya yi hakan. Murhun bai ko motsa ba, sai ƙiftawar ta koma biyu. Allon yana duba makunnin tun kafin ya tayar da fanka, kuma idan ya same shi a rufe alhali babu abin da ke jan iska, yakan gane cewa akwai ha'inci ko lalacewa, ya ƙi tashi. Abokin ya ce to ya bari fankar ta tashi tukuna sannan ya haɗa. Matarsa tana tsaye a kan matakala da jaririn a kafaɗa, ta ce, "Baban Amira, don Allah ka cire wayar nan. Idan abin ya ce iska ba ta fita, ina hayaƙin zai tafi?" Ya tsaya shiru, sannan ya cire, ya mayar da wayoyin inda suke, ya kashe murhun.

Kamfanoni huɗu ya kira kafin na biyar ya karɓa, aka ce masa sai yammacin gobe, kuma da kuɗin gaggawa. Ya fita ya sayo hita biyu ta lantarki, kowace mai wat 1,500, a kan dala 70. Da ya jona su a layi ɗaya lantarkin ɗakin ya ɗauke, domin layin amfa 15 a kan bolt 120 ba ya ɗaukar fiye da wat 1,800, sai ya raba su ɗaki biyu. Suka tattara yaran a ɗaki ɗaya, suka bar famfuna suna ɗiga, suka buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututun ruwa. Ya kawo shawarar a kunna tandar gas ta kicin a bar ƙofarta a buɗe, matar ta ƙi, ta tuna masa iyalan da ake wayar gari a tarar sun rasu a gida saboda hayaƙin janareto ko kaskon gawayi a ɗaki rufe. Gubar ɗaya ce, kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce tana kashe fiye da mutum 400 a ƙasar kowace shekara ba tare da gobara ba. Dokar Minisota ta wajabta a sa ƙararrawar wannan guba cikin ƙafa goma daga kowane ɗakin kwana, kuma gidan yana da guda biyu, babu wadda ta yi ƙara. Warin gas ma ba a ji ba ko sau ɗaya. Gas ɗin da ake kawowa gidaje ba shi da wari a asalinsa, ana zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ne da gangan, al'adar da ta zama doka bayan fashewar wata makaranta a garin Niyu Landan na jihar Teksas ranar 18 ga Maris 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu. Da an ji wannan wari, abin yi shi ne kowa ya fita ba tare da taɓa makunnin fitila ba, a kira kamfanin gas daga waje.

Da gari ya waye falo yana digiri 9.

Laraba 30 ga Janairu: zuwan mai gyara

Mai gyaran ya iso bayan la'asar. Kafin ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya yi tambayoyi huɗu: tun yaushe, daƙiƙa nawa wutar ke yi kafin ta mutu, da wane lokaci abin ya fi faruwa, da kuma me aka taɓa. Da ya ji cewa a makon farko daƙiƙa biyar ne, daga baya minti uku, kuma murhun yakan yi aiki idan murfi a buɗe yake, sai ya ɗauki tocila ya ce su zagaya baya.

A bayan gidan bakin bututun biyu suna kusa da juna, tazararsu ba ta kai taƙi biyu ba. Na shigar iska yana da gwiwa mai kallon ƙasa, kuma wani, mai yiwuwa tsohon mai gidan, ya ɗaura masa ragar waya a baki don hana tsuntsaye da ɓeraye. Ragar ta toshe da farar ƙanƙara mai laushi, in ban da wata 'yar kafa da ba ta fi girman kwabo ba. Bututun hayaƙi kuwa ya tsaya cak a jikin bango, guntu, kuma ƙanƙara ta yi masa gemu har ƙasa. Mai gyaran ya nuna da'irar da ke bakinsa, inda launin robar ya fi fari, ya ce a nan akwai gwiwa da wani tsayi da ya kamata su ɗaga hayaƙin sama su jefa shi nesa da bango. Nan take mai gidan ya tuna. A watan Oktoba, yana share ganyen da ya zuba, ya tsinci wata lanƙwasasshiyar roba fara a cikin ciyawa, ya ɗauka ragowar aikin famfo ce, ya ajiye ta a kan kanta a gareji. Aka ɗauko ta, ta shiga daram. Babu alamar an taɓa sa mata gam.

Mai gyaran ya cire ragar, ya kakkaɓe ƙanƙarar, suka koma ƙasa. Ya jona ma'aunin jan iska a tiyon makunnin. Makunnin an yi shi ne ya rufe idan jan iska ya kai 0.60 a ma'aunin incin ruwa, wato ma'aunin matsin iska da gas, amma abin da fankar ke bayarwa bai wuce 0.40 ba, kuma lambar tana hawa tana sauka tare da sautin kurkurar da matar ta ji. Ya kwance mazubin ruwa ya juye shi a bokiti, wani baƙin laka mai yauƙi ya fito, sannan ruwan da ya taru a bayan fankar ya biyo, fiye da kofi biyu. Bayan ya wanke ya cika mazubin da ruwa ya mayar, ma'aunin ya tsaya a 1.10, ƙyastu ya yi ja, wuta ta kama.

Bai tsaya nan ba. Ya bar murhun ya ci na 'yan mintuna kafin a mayar da gwiwar hayaƙi, murfi a rufe, ya sa na'urar auna hayaƙi a bututun shigar iska. Iskar waje tana ɗauke da kashi 20.9 cikin ɗari na oksijin, amma wadda ke shiga murhun ta sauko ƙasa da 19, shaidar cewa murhun yana shaƙar hayaƙin kansa. A bututun fita, kabon monoksayid ya haura 600 cikin miliyan, alhali iyakar da ƙa'idar ƙera irin waɗannan murhu ta yarda da ita 400 ce. Siginar sandar gane wuta tana yawo tsakanin maikro'amfa 2 da ƙasa da 1. Da aka mayar da gwiwar, oksijin ya koma 20.9, gubar ta sauko kusa da 30, siginar ta zauna a 3.8. Ya auna matsin gas a bayan bawul ya same shi 3.5 na incin ruwa, daidai da abin da aka rubuta a jikin murhun, don haka bai taɓa bawul ɗin ba. Ya zura 'yar kyamara ya duba bututun ƙarfen da wuta ke bi, bai ga tsaga ba. Ya gwada tsohon makunnin jan iska da mai gidan ya ajiye a leda, ya same shi lafiya lau. Ya sauya sandar gane wuta, saboda sanfefa ta karce ta kuma takan bar ɓurɓushin yashi da ke narkewa ya zama rufi a jikin ƙarfen.

Gam ɗin roba ba ya kamawa a irin wannan sanyi, saboda haka ya ɗaure gwiwar da kusa da tef na wucin gadi. Aikin ya ɗauki sa'a ɗaya da minti arba'in, kuɗinsa dala 410 har da na gaggawa. A daren ne wani kamfanin gas na jihar ya roƙi masu hulɗa da shi su rage ɗumin gidajensu zuwa digiri 17 don gas ya ishi kowa, kuma a nan suka saita nasu.

Fabrairu da bayansa

Ranar Asabar 2 ga Fabrairu sanyin ya sassauta har ma'auni ya koma kusa da sifili, mai gyaran ya dawo ya liƙa gwiwar da gam, ya ƙara wa bututun biyu tsayi, domin ƙa'ida ita ce bakinsu ya kasance aƙalla inci 12 sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa. Wannan ya yi rana, saboda Fabrairun 2019 ya zubar da inci 39 na dusar ƙanƙara a yankin, wanda ba a taɓa gani a wani Fabrairu ba tun da aka fara ajiye lissafi. Mai gidan ya riƙa zagayawa da shebur bayan kowace zuba. Murhun bai sake kullewa ba har ƙarshen hunturu. A watan Oktoba an kira kamfanin don duba na shekara, siginar sandar tana 3.6, mazubin ruwa ya fara tara laka, aka wanke.

Auna lamarin

Matsaloli uku ne suka haɗu a murhu ɗaya, kuma kowace ta fito da alamarta dabam. Ta farko dauɗar sandar gane wuta ce, mai kashe wuta cikin daƙiƙa biyar. Ta biyu faɗuwar gwiwar hayaƙi, wadda ta sa hayaƙi mai laima yana komawa ta bututun shiga: a sanyi matsakaici yana rage wa wutar oksijin har ta ɗaga daga kan sandar bayan 'yan mintuna, a sanyi mai tsanani kuma laimar tana daskarewa a kan raga ta toshe hanya. Ta uku toshewar mazubin ruwa, wadda ba ta bayyana ba sai da murhun ya shiga aiki ba hutawa yana samar da ruwa fiye da yadda tiyon ke iya fitarwa. Mai yiwuwa ne ma ta biyun ce ta gaggauta ta farkon, tunda wata uku murhun yana cin gurɓatacciyar iska.

Aikin da mai gidan ya yi ranar 13 ga Janairu daidai ne, kuma babu dalilin biyan wani ya yi shi. Alamar a fili take, ya kashe lantarki da gas kafin ya taɓa komai, kuma ko da ya yi kuskure, abin da zai biyo baya shi ne murhu ya ƙi tashi. Sauya mataci, batir, karanta ƙiftawar fitila, share bakin bututu, duk suna cikin wannan sahu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne babbar matsalar ma tana cikin abin da zai iya ganowa da kansa, ba tare da ko sukurdireba ba, da ya taka zuwa bayan gida.

Kuskuren ya fara ne ranar 20 ga wata, kuma nasarar makon farko tana da hannu a ciki, domin ita ta sa ya karanta sabuwar alama da tsohon ido. Ƙyastun da ke yin ja har wuta ta kama ya gama aikinsa, babu hujjar zarginsa a kan wutar da ta mutu bayan minti uku. Makunnin jan iska kuwa mai ba da labari ne kawai, kuma sauya shi tamkar sauya ɗan aike ne don saƙon da ya kawo bai yi daɗi ba. Gwajin da yake yi murfi a buɗe shi ne ya fi yaudararsa, tunda a irin ginin wannan murhu cire murfin yana ba wutar iskar ɗakin ƙasa ta ci, ya ɓoye ainihin ciwon a daidai lokacin da ake dubawa. Sau uku yana ganin gyara ya yi, alhali murfin kawai ya cire.

Ta fuskar kuɗi, ƙyastu da makunni da hita sun ci dala 150 ba su gyara komai ba, kuma jinkirin kwana goma ya kai shi ga kiran mai gyara a ranar da ta fi kowace tsada da wahalar samun mutum a duk hunturun. Abin da dala 410 ta saya masa ba ƙarfin hannu ba ne, tunda wanke mazubi da mayar da gwiwa ba su fi ƙarfinsa ba. Lambobi ne da ba ya da na'urar ganinsu: 0.40 a inda ake son 0.60, oksijin ƙasa da 19, guba sama da 600. Shirun ƙararrawar ɗakin kwana bai isa shaida ba, domin an ƙera ta ne ta yi ƙara bayan sa'a ɗaya zuwa huɗu idan gubar ta kai 70 cikin miliyan a ɗaki, kuma ba ta san abin da ke gudana a cikin bututu ba.

Guntuwar wayar daren Talata ita ce kaɗai matakin da zai iya wuce asarar kuɗi. Da ya bi shawara ta biyu ya haɗa wayoyin bayan fanka ta tashi, da murhun ya ci wuta da hanyar iska a toshe da ruwa a bayan fanka, yana ƙera gubar da aka auna washegari ko fiye, a ƙarƙashin ɗakin da yara uku ke kwance, kuma da murfin a buɗe kamar yadda ya saba gwaji. Allon lantarkin ya hana yunƙurin farko, tambayar matarsa ta hana na biyu.

Akwai kason laifin da ba nasa ba. Wanda ya kafa murhun a 2009 ya bar gwiwar hayaƙi babu gam, wani kuma ya ɗaura ragar da ramukanta suka yi ƙanƙanta ga ƙasar da tururi ke daskarewa, kuma duka biyun sun shekara suna jiran sanyin da zai tona su. Duba na shekara a kakar 2018, bayan gwiwar ta faɗi, da wuya ya wuce su bai gani ba, kuma mai gyaran ya ce a irin wannan ziyara ta yau da kullum wanke mazubin ruwa yana cikin abin da ake yi ba tare da ƙarin kuɗi ba.